Darasin wannan wata: wa zai biya kuɗin auna kori?

Ƴan'uwa masu garka da makiyaya na Arlit da Akokan, da na Gugaram da Dannat, da duk wanda takardar nan ta isa hannunsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Darasinmu na yau a kan kori ne. Kun san shi fiye da ni. Wata goma yana kwance, yashi ne zalla, yara na wasa a cikinsa, raƙuma na ratsawa. Ran da hadari ya zuba a kan duwatsun Abzin, kai kana nan rana na dukanka, ko ɗigo bai faɗo maka ba, sai ka ji ruri daga gabas. Kafin ka kwance jaki ruwa ya iso. Shi ne mai cika rijiyoyin garake, shi ne kuma mai cinye gaɓa, ya tafi da albasa da dabino da injin ban ruwa.

To, kafin a tare kori sai an auna shi. Awon nan yana cin kuɗi. Kuma kori bai san iyakar komin ba. Wa zai biya?

Mu fara da ruwan kansa

Ku riƙe wannan lissafi, ba shi da wuya. Ruwan sama milimetir 1 a kan hekta 1, metir-kub 10 ne. Metir-kub 1 kuwa tano 5 ne, irin tanon nan mai cin litir 200. Yanzu ku ɗauki fili mai kilometir 10 tsawo, kilometir 10 faɗi. In aka yi ruwa milimetir 30 a kansa, metir-kub miliyan 3 ke nan suka sauka. A ƙasar yashi mafi yawansa zai nutse. Amma dutse ba ya shan ruwa. Ko kashi ɗaya cikin uku kaɗai ya gangaro, metir-kub miliyan 1 ne zai bi ta kori guda cikin ƴan awoyi. Abin da ya sa ke nan garin da ba ya samun ruwan kirki a shekara ake iya yi masa ambaliya.

Mutanen Agadas sun gani. A farkon Satumba 2009, ana cikin azumi, aka yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, korin Telwa ya cika, ya fasa madatsar da ke kare garin. Dubban gidajen ƙasa suka rushe, garake masu yawa na bakin Telwa suka tafi. Ruwan da ya yi ɓarnar ba a cikin garin ya sauka ba, daga sama ya taho, ta wajen Dabaga da Azel. A daminar 2024 kuma, a ƙasar Nijar baki ɗaya, ambaliya ta kashe kusan mutum 400, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi.

Mene ne awon kori?

Wasu na cewa: “A kawo duwatsu da waya kawai, me za a yi da takarda?” Ni ma da haka nake gani, sai da na ga abin da ya faru a wani kori da na yi aiki. Masu garka na gaɓar dama suka samu taimako, suka jera ragar waya cike da duwatsu, wadda ake kira gabiyon. Aiki ya yi kyau, kowa ya yaba. Da ruwa ya zo, ya daki gabiyon, ya karkata, ya faɗa wa gaɓar hagu, ya cinye garake uku da rijiyarsu. Har yau mutanen gaɓa biyun nan gaisuwarsu ba ta wuce “lafiya lau”. Ba wanda ya yi mugunta. Ba a auna ba ne.

Masu awo abin da suke nema shi ne: faɗin ƙasar da ke zuba ruwanta cikin korin, gangarar ƙasa, metir nawa take sauka a kowane kilometir, yawan ruwan da ke wucewa in kori ya cika maƙil, da wurin da zai fantsama in ya fi ƙarfin gaɓa. Yawan ruwa kuwa, faɗi ne sau zurfi sau gudu. Kori mai faɗin metir 50, zurfin metir 1, ruwa na gudun metir 2 a daƙiƙa, yana wuce da metir-kub 100 a kowace daƙiƙa. Tano 500 ke nan, kafin ka ƙifta ido. Wanda bai san wannan adadi ba, bai san tsawon madatsar da zai gina ba.

Za ku ji suna cewa “ambaliyar shekara ɗari”. Kada ku ɗauka in ta zo bana, sai jikokinku za su sake ganinta. Ma'anarta, kowace shekara tana da rabo ɗaya cikin ɗari na zuwa. Wanda ya yi shekara 30 a garkarsa, rabonsa na ganinta ya kai ɗaya cikin huɗu.

Awon ƙoramun Abzin ba sabon abu ba ne. A shekarun 1970 da 1980 masanan ruwa na ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, sun auna Telwa a Dabaga da Azel. Takardunsu suna nan. Komin da za ta sa a yi mata awo, ta fara neman abin da aka riga aka rubuta, kada ta biya kuɗin abu sau biyu.

Mu a Arlit akwai ƙarin magana. SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK a 1978. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tulin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 a Akokan. Saboda haka duk awon da za a yi a nan, dole ya nuna hanyar da ruwan sama ke bi in ya sauka kusa da tulin nan, da inda yake kwanciya, da ko yana kusantar garake da wuraren shayar da dabbobi. Awon da ya tsallake wannan tambaya, a ganina, bai cika ba.

Rabon kuɗin

Tun zaɓen 2004 aka ba kominoni nasu kasafi. Gundumar Arlit tana da uku: Arlit, Gugaram da Dannat. Iferwan da Timiya sun samu tasu gunduma a 2011. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta yarda kominoni su haɗa kai su yi aiki guda da kuɗi guda. A Afrilu 2024 gwamnati ta rushe majalisun da aka zaɓa, ta naɗa kantomomi su riƙe kominoni. Mai sa hannu ya canza, amma lissafin bai canza ba.

Ga inda gardama take. Komin ta sama, mai duwatsu, tana cewa: “Ruwa wucewa yake yi, ba mu yake ci ba, kuma ba mu da kuɗi.” Komin ta ƙasa tana cewa: “Ruwanku ne ke rushe mana gidaje.” In aka raba daidai wa daida, an zalunci ƙaramar komin wadda lanhonta bai taka kara ya karya ba. In aka raba bisa tsawon kori, nan ma ita za ta sha, don kori ya fi tsawo a daji. In aka ce wanda ruwa ke yi wa ɓarna shi kaɗai zai biya, to ta sama ba za ta zauna a taron ba, alhali a ƙasarta ne za a kafa ma'aunai, a ƙasarta ne kuma za a gina ƙananan madatsun da ke rage wa ruwa gudu.

Ga misali, lissafin allo ne kawai, ba na wata komin ba. A ce awon zai ci jika 100. Mai ba da taimako, gwamnati ko wata ƙungiya, ya ɗauki jika 70, ya ce kominoni su kawo 30. Ni shawarata, a kasa 30 ɗin nan biyu. Jika 20 a raba su bisa yawan gidaje da garake da rijiyoyin da ke cikin haɗari; a nan babban gari zai fi biya, kuma daidai ne. Jika 10 a raba su bisa ƙarfin kowace komin, wato abin da ya shiga asusunta bara. Komin ta sama kuma a yarda ta biya wani kashi da aiki: masu karanta ma'aunin ruwan sama, masu rakiyar injiniyoyi, raƙumi ko mota. A sa wa aikin nan farashi, a rubuta.

Kuma mutanen sama su sani, ba sadaka suke yi ba. Madatsar da ke shimfiɗa ruwa tana sa shi ya daɗe a kan yashi, ya nutse, rijiyoyin garake su tashi, ciyawa ta fito. Abin da ke kare na ƙasa shi ke shayar da na sama.

Ina kuɗin za su fito? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa kominonin jihar da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke karɓa, 85 su shiga baitulmali. Kowa ya san kuɗin nan sun sha makara. Ga COMINAK ta rufe, SOMAIR kuma gwamnati ta mayar da ita hannun ƙasa a Yuni 2025. Saboda haka kada komin ta yi alkawari da kuɗin da ba su shigo ba. Akwai kuma ANFICT, hukumar da aka kafa a 2008 don tallafa wa kasafin kominoni. A ƙwanƙwasa ƙofarta. Amma komin da ba ta sa ko dala ba, ba ta da bakin cewa a gyara.

Abu uku nake roƙo a rubuta cikin yarjejeniya kafin kowa ya sa hannu. A faɗi komin da za ta riƙe asusu, da ranar da kowa zai zuba nasa. A faɗi cewa kowace komin za ta samu kwafin rahoto da taswira. A faɗi kuma cewa masu awo za su dawo su yi bayani a bainar jama'a, da Hausa da Tamajak. Na taɓa ganin rahoto mai kauri, da Faransanci, an biya shi da tsada, ya kwana shekaru cikin akwatin wani biro, mutane kuwa na ta gini a tsakiyar hanyar ruwan da ya zana da jan alƙalami.

Aikinku kafin damina

Ba sai kun jira injiniya ba. Ku je wurin dattawa, ku tambaye su inda ruwa ya taɓa kaiwa, da shekarar. Ku nemi dutse ko gindin goruba a bakin kori, duk ran da ruwa ya wuce ku shafa fenti daidai inda ya bar shara, ku rubuta kwanan wata. Ku yi haka da wuri, don iska tana share alama cikin kwana kaɗan. In kuna son gudun ruwa, ku auna taki 20 a kan gaɓa, nesa da baki, ku jefa kara, ku ƙirga daƙiƙa nawa ya yi. Kada yaro ya yi wannan aiki, kuma kada kowa ya shiga ruwa, ko da iyakarsa gwiwa.

Kowace ƙungiyar masu garka ta sayi littafi guda don wannan. A taronku na gaba ku tattauna: garake nawa ne a gaɓarku kori ya ci cikin shekara goma, kuma su wa ke sama da ku, su wa ke ƙasa? Abin da kuka samu ku kai wa malamin gona na yankinku, ya haɗa da na sauran, mu karanta a shirin radiyo.