Ruwa mai gudu yana da hanyarsa

Da rani Gulbin Maradi rairayi ne kawai. Amalanke na bi ta cikinsa, yara na wasa. Amma in damina ta kankama, sai ya zama wani abu dabam. Ruwan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce Jiratawa, ya bi gefen Maradi da Tsibirin Gobir, sannan ya koma Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Shi ya sa ana iya kwana ba a yi ko yayyafi a Maradi ba, a wayi gari gulbi ya kawo. A shekarar 1945 wanga ruwa ne ya ci tsohon garin Maradi, har aka tashi aka koma bisa tudu.

Mu dai in mun shiga ruwa mai gudu, tilas ce ta sa: gona ko kasuwa na ƙetare. To, akwai waɗanda ke shigarsa don wasa. A Faransa da Amurka samari da ƴan mata na hawa wani ɗan jirgi na mutum guda, sunansa kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara, da fatar dabbar teku suke yinsa. Yanzu na roba ake yi. Matuƙi na zaune a ciki, riƙe da filafili mai baki biyu, yana gangarowa cikin ƙoramar da ke saukowa daga duwatsu. Har a wasannin Olamfik an sa shi a 1972.

Kada ka ce mahaukata ne. Sun kasa ruwa mataki 6. Na 1 mai sauƙi ne, na 6 kuwa wanda ya shiga ya sayar da ransa. Na 3 shi ne matsakaici: akwai igiyar ruwa, akwai duwatsu, sai wanda hannunsa ya faɗa. Ba mai shiga shi kaɗai, ba mai shiga ba hular kwano da rigar da ke hana nutsewa. In sun iso wurin da ba su ganin gabansu, sai su fito gaɓa, su taka da ƙafa su duba tukuna.

Me suke dubawa? Inda ruwa ya yi sumul kamar harshe tsakanin duwatsu biyu, nan ce hanya. Inda yake zubowa daga bisa dutse ko ginin siminti yana birkitowa baya da kumfa, rami ne, yakan riƙe mutum yana juya shi. Amma abin da suka fi tsoro shi ne iccen da ya faɗi cikin ruwa. Ruwa na wucewa ta tsakanin rassa, mutum ba ya wucewa, sai ruwan ya danne shi a nan.

Gulbinmu ba shi saukowa daga manyan duwatsu, amma itace kam yana kwasowa, ga shi ja wur, ba ka ganin abin da ke ƙasa. Don haka mai kwalekwale ko mai gora da ya san aikinsa ba ya nufar ƙetare kai tsaye. Yakan soma daga sama, ya karkata, ruwa na tura shi har ya fita inda yake so. In kuwa jirgi ya kife, masu kayak sun ce kada ka yi ƙoƙarin tsayawa, don ƙafa na iya maƙalewa. Kwanta rigingine, ƙafafu gaba wajen da ruwa ya nufa, kana jan jiki da hannu zuwa gaɓa, sai ruwa ya koma ƙasa da gwiwa sannan ka miƙe.

Tambayoyi
1. Daga ina Gulbin Maradi yake tasowa?
2. Don me icce cikin ruwa yake da hatsari?
3. A garinku, a ina ake ƙetare gulbi, kuma su wa ke ƙetarar da mutane?