Darasi na Tara: Dashen Gaɓa a Kwatangwalo da Gwiwa, Nazari daga Yankin Kadawa

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan asibiti, Bahaushe yana da hanyoyinsa na kula da ƙashi. Idan an sami karaya ko targaɗe ko gocewar gaɓa, wurin maɗori ake zuwa, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karan ɗori. Sai dai akwai larurar da ta fi ƙarfin ɗori, wato lalacewar gaɓa ita kanta, musamman ta kwatangwalo da ta gwiwa. A irin wannan hali likitocin ƙashi kan yi tiyata su cire ɓangaren da ya lalace, su maye gurbinsa da na ƙarfe da roba. Wannan aiki shi ake kira dashen gaɓa. Darasin zai yi bayanin aikin, da sakamakonsa, da matsalolin da kan biyo bayansa, da sauye-sauyen da ake samu a cikinsa. An ɗauki yankin Kadawa da ke Jihar Kano a matsayin abin misali, domin mazaunansa manoma ne waɗanda abincinsu ya rataya a kan lafiyar ƙugu da gwiwa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

i. bayyana ma'anar dashen gaɓa da yadda kalmar ta samu;
ii. kawo dalilan da ke sa gaɓa ta lalace;
iii. tantance abin da dashe ke iya yi wa majinyaci da abin da ba ya iyawa;
iv. yi wa wanda bai yi boko ba bayanin aikin cikin Hausa mai sauƙi.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Ma'anar Dashen Gaɓa

Kalmar dashe ta samo asali ne daga aikatau dasa, kuma gidanta na farko shi ne gona. Manomi kan raini irin shinkafa ko tumatir a wuri guda, idan ya yi ƙwari ya cire shi ya dasa a fangali. Daga nan aka faɗaɗa ma'anar kalmar zuwa fagen likitanci, aka sami dashen ƙoda da dashen ɓargo da dashen gaɓa. Wannan misali ne na faɗaɗa ma'ana, ɗaya daga cikin hanyoyin da harshe ke bi wajen samar wa baƙon abu suna.

To amma akwai bukatar lura. Shukar da aka dasa rayayya ce, tana kama ƙasa ta ci gaba da girma. Ƙodar da aka dasa ita ma rayayya ce, daga jikin wani mutum aka ciro ta. Gaɓar da ake dasawa kuwa ƙerarriya ce, ba ta girma, ba ta gyara kanta, tun daga ranar da aka sa ta take fara cinyewa a hankali. Abin da ya haɗa ta da dashen gona shi ne bukatar kulawa bayan an dasa.

A jikin ɗan Adam, gaɓar kwatangwalo ta ƙunshi kan ƙashin cinya mai siffar ƙwallo, wanda ke juyawa a cikin wani ƙoƙo. Gaɓar gwiwa kuma mahaɗa ce ta ƙashin cinya da na ƙwauri, ga ƙoƙon gwiwa a gabansu. Guringuntsi mai santsi ne ya lulluɓe bakin waɗannan ƙasusuwa. Idan ya zaizaye, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, daga nan zogi da kumburi da sanƙarewa su biyo baya.

3.2 Yankin Kadawa da Larurar Gaɓɓai

Kadawa na cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Shirin ya game ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, rani da damina. Zuwan ruwa ya kawo arziki, ya kuma kawar da hutun da jikin manomi kan samu bayan kaka. Mai dashen shinkafa a duƙe yake wuni cikin taɓo, mai ban ruwa a tsugune, ga ɗaukar buhun shanshera da kwandon tumatir. Yawan durƙuso da tsuguno da ɗaukar nauyi na tsawon shekaru suna cikin abubuwan da ke gaggauta zaizayewar gwiwa da kwatangwalo.

Dalilan da kan kai mutum ga dashe sun haɗa da:

a. Amosanin gaɓɓai, wanda jama'a kan kira sanyin ƙashi. Ya fi kama masu shekaru da masu ƙiba, kuma ya fi yawa ga mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke ɗauke da shi, daga cikinsu miliyan 365 a gwiwa ya kama su.

b. Amosanin jini, wato sikila. Wannan cuta kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ga kan ƙashin cinya, sai ƙashin ya mutu ya lotsa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, shi ya sa ake ganin matasa 'yan shekara ashirin ko talatin suna bukatar aikin da a ƙasashen Turai aka fi yi wa tsofaffi.

c. Karaya, ko dai ta haɗarin mota da babur a hanyoyi irin na Kano zuwa Zariya, ko ta faɗuwar tsoho a tsakar gida. Wuyan ƙashin cinya yana can cikin tsoka, karan ɗori ba ya kai gare shi, kuma idan ya karye sau da yawa jijiyoyin jininsa kan tsinke. Tsohon da aka kwantar watanni ana jiran irin wannan karaya ta kama yakan gamu da gyambon kwanciya da ciwon huhu.

d. Daɗewa ana shan wasu magunguna ba da umarnin likita ba. Haɗin ƙwayoyin da ake saye a hannun masu talla don maganin gajiya kan rufe ciwo alhali gaɓa na ci gaba da lalacewa, wasunsu ma kan jawo gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mutuwar kan ƙashin cinya.

3.3 Taƙaitaccen Tarihin Aikin

A wajejen 1890 wani likita Bajamushe mai suna Themistocles Gluck ya gwada dasa gaɓar da aka sassaƙa da hauren giwa, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata aikin. Wanda ya kafa tushen dashen kwatangwalo na zamani shi ne John Charnley, a asibitin Wrightington da ke Ingila. A 1962 ya dace da tsarin ƙaramar ƙwallon ƙarfe mai juyawa cikin ƙoƙon roba mai tauri, tare da wani sinadari mai kama da siminti da ke riƙe su a jikin ƙashi. Dashen gwiwa ya biyo baya, inda a 1974 likitocin wani asibitin ƙashi da ke birnin New York na Amurka suka fara amfani da samfurin da yawancin na yau suka ginu a kansa. A ƙasar Hausa, wurin da aka fi sani da wannan aiki shi ne Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959, ɗan'uwan na Igbobi a Legas da na Inugu.

3.4 Sakamakon Dashe

Babbar nasarar dashe ita ce kawar da zogi. Mutumin da ciwo ya hana barci yakan sami barci, wanda ake ɗauka a kai shi makewayi yakan koma tafiya da ƙafarsa. Akan tayar da majinyaci tsaye a ranar aiki ko washegari, ya yi makonni yana dogara sanda, sannan a ci gaba da gashi da motsa gaɓa har watanni.

Game da ƙarko, wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 89 cikin ɗari na dashen kwatangwalo kan kai shekara 15, kashi 58 kuma su kai shekara 25. Dashen gwiwa kuwa kashi 93 kan kai shekara 15, kashi 82 su kai shekara 25. Sai dai waɗannan alƙaluma an tattara su ne daga ƙasashe irin su Finland da Ostireliya, inda akasarin majinyata tsofaffi ne masu zaman kujera.

A nan ne misalin Kadawa yake da muhimmanci. Gwiwar da aka dasa takan lanƙwasu zuwa digiri 110 ko 120, alhali cikakken tsuguno ko zaman tahiya na bukatar kusan digiri 150. Ke nan manomin da aka yi wa aiki zai iya zuwa gona ya kula da masu aiki, ya je kasuwa, ya je masallaci, amma da wuya ya koma dashen shinkafa a duƙe ko ɗaukar buhu. Zaman tabarma da masan tsuguno da sallah a ƙasa duk za su bukaci sauyi, sau da yawa a koma ga kujera. Idan ba a yi wa mutum wannan bayani tun farko ba, zai ɗauka aiki ne bai yi kyau ba. Ko a ƙasashen da aikin ya daɗe, kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka yi wa dashen gwiwa kan ce bai gamsu sosai ba.

3.5 Matsalolin da kan Biyo Baya

a. Shigar ƙwayoyin cuta. Wannan kan sami kusan mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, amma ita ce mafi muni, domin ƙwayoyin kan maƙale a jikin ƙarfe inda magani ba ya cim musu sosai, har sai an cire dashen. Masu ciwon sukari da masu sikila da mashaya taba sun fi shiga haɗari. Ko bayan shekaru, gyambon ƙafa ko ruɓaɓɓen haƙori na iya tura cuta ta cikin jini zuwa gaɓar. Saboda haka mai dashe da ya ji rauni a magudanar ruwa bai kamata ya raina shi ba.

b. Daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Gudan jinin na iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu, ya yi kisa. Ana rigakafinsa da magungunan tsinka jini da tashi da wuri.

c. Gocewar kwatangwalo, musamman a makonnin farko, idan aka zauna a wuri mai ƙasa-ƙasa ko aka harɗe ƙafafu.

d. Sassautawa da cinyewa. Bayan shekaru dashe kan yi lako-lako a jikin ƙashi, a bukaci aiki na biyu, wanda ya fi na farko wuya da tsada. Matashi mai sikila yana iya fuskantar haka fiye da sau ɗaya a rayuwarsa.

e. Sanƙarewar gwiwa. Yawanci rashin zuwa gashi ke kawo ta. Wanda ke ƙauye, nesa da asibiti, kuɗin mota kaɗai kan sa ya daina zuwa, ta haka aikin da ya yi kyau a ɗakin tiyata sai ya lalace a gida.

3.6 Sauye-sauyen Zamani

Aikin yana ta samun gyara. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka samar da roba mai jure guga fiye da ta da. Ana kuma amfani da ƙwallon tangaran, da dashen da ba ya bukatar siminti, wanda ƙashi ke tsirowa ya kama shi. An sami magungunan rage zubar jini, kwanakin kwanciya a asibiti sun ragu, wasu manyan asibitoci kuma suna amfani da na'ura mai kwamfuta wajen auna inda za a yanka. Duk da haka, ba kowane sabon abu ne alheri ba. A 2010 kamfanin DePuy ya janye wani samfurin kwatangwalo na ƙarfe a kan ƙarfe daga kasuwa, bayan an ga yana lalacewa da wuri. Rajistar majinyata, irin wadda Suwidin ta fara a 1975 da wadda Ingila ta fara a 2003, ita ke tona asirin irin wannan samfuri.

A Nijeriya, masu hali sun daɗe suna tafiya Indiya da Masar don a yi musu aikin, ko da yake ana yin sa a gida, inda bibiyar majinyaci ta fi sauƙi. Babban cikas shi ne kuɗi. Kayan dashe daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar Naira tun daga 2023 ta ƙara musu tsada. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma yawancin manoma daga aljihunsu suke biya, wani ma sai ya sayar da gona ko shanun huɗa.

4.0 Kammalawa

Dashen gaɓa yana mayar wa mutum tafiya, yana raba shi da zogi, amma ba ya mayar masa da gaɓar da aka haife shi da ita. Nasararsa ta dogara ga zuwa asibiti da wuri, da sanin iyakar aikin tun kafin a yi, da kulawa bayan an yi. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani: gwajin jini kafin aure, da rage ƙiba, da guje wa shan ƙwayoyi barkatai, da kai karayar kwatangwalo asibiti ba tare da jinkiri ba, duk suna rage masu bukatar dashe. Malamin Hausa da aka tura makaranta a Kura ko Bunkure yana cikin waɗanda akan kawo wa takardar asibiti a ce ya karanta. Idan ya san ma'anar kalmomin, ya san inda kalmar dashe ta dace da inda take iya yaudarar mai sauraro, bayaninsa zai taimaki iyalin da ke shawarar sayar da gonarsu.

5.0 Auna Fahimta

1. Yi bayanin yadda kalmar dashe ta faɗaɗa daga gona zuwa asibiti.
2. Mene ne bambancin dashen ƙoda da dashen gaɓa?
3. Kawo dalilai uku da ke sa gaɓa ta lalace, tare da misalai daga yankin Kadawa.
4. Me ya sa ɗori ba ya yi wa karayar wuyan ƙashin cinya amfani?
5. Kawo ma'anar waɗannan kalmomi, sannan a sa kowace a cikin jimla: guringuntsi, targaɗe, fangali, gashi, sanƙarewa.

6.0 Jinga

A rubuta tattaunawa mai tsawon shafi biyu tsakanin malamin makaranta da wani dattijo manomi da likita ya ba shawarar dashen gwiwa. A kula da kalmomin girmamawa, a kuma tabbatar malamin ya faɗi amfanin aikin da iyakarsa.