Darasi Na Goma Sha Biyu: Tashar Rahama

Jama'a, mu mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. A Ƙaura Namoda dogo ya tsaya, a shekarar 1929. Amma yau za mu karanta labarin wata tasha a ƙasar Zazzau, don akwai abin koyo a cikinsa.

Sunan garin Rahama. Yana kusa da Saminaka, tsakanin Zariya da Jos.

A duwatsun Jos akwai kuza. Da fari 'yan dako ke ɗaukarta a ka, su yi kwana da kwanaki a hanya. Sai Turawa suka shimfiɗa wani ƙaramin dogo daga Zariya. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kurum. Ya iso Rahama a 1912, ya dakata nan.

To, sai Rahama ta zama mahaɗa. Jirgi ya sauke kaya, 'yan dako su haura da su dutse, su sauko da kuza. Inda 'yan dako suka taru kuwa, mai tuwo da mai fura ba su rasa ciniki.

Abin bai daɗe ba. A 1914 dogo ya zarce har Bukuru, bayan Jos. Kuza ta riƙa wucewa ta Rahama a cikin tarago, ba mai sauke ta. A 1927 kuma babban dogo ya shiga Jos ta Kafanchan. Kuza ta bi shi zuwa Fatakwal, bakin teku. Motoci suka yawaita, suka ɗebe sauran kayan. A 1957 aka rufe ƙaramin dogon, aka rufe tashar Rahama tare da shi.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ku lura, kaya ke riƙe da tasha. Ran da kaya suka sake hanya, tasha ta mutu. Shinkafarmu da albasarmu ma haka ne. Manomin da ya san kasuwa ɗaya tak, ran da ta ci baya ina zai kai kayansa?

Tambayoyi

1. A wace shekara dogo ya iso Rahama?
2. Me ya sa aka rufe tashar?
3. Kasuwa nawa kake kai amfanin gonarka? Rubuta sunayensu.