Kafin ku ɗauki fartanya

'Ya'yana ɗalibai, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 cefane ya gagari magidanta, balle ɗalibin da ke jiran ɗan abin da za a aiko masa daga gida. Shi ya sa na yi farin ciki da na ji wasunku na shawarar haɗa kai su yi lambu a filayen da ke zaune haka nan a bayan ɗakunan kwana. Allah Ya sa albarka. Amma ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

A wuri irin Samaru, bai kamata a ce ɗalibi na rasa ganyen miya ba. Tun 1922 ake binciken noma a wannan garin, shekara 40 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga cibiyarta ta binciken noma, wato IAR, irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA suka fito suka bazu cikin gonakin Arewa. Ilimin yana bakin ƙofarku. Ku je wurin malaman, amma kada ku wuce leburan gonar gwaji ba ku durƙusa kun gaishe su ba. Dattijon da ya tsufa yana yin fangali, da ya damƙi ƙasa ya murza zai gaya muku abin da take so. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku fara da kaɗan, kuma da abin da ba ya ba da wahala. Alayyahu cikin wata guda kun fara yanka, kuɓewa wajen wata biyu. Ku haɗa da rama da yakuwa, ku jera zogale a bakin shinge. Tumatir ku bar shi sai hannunku ya faɗa: yana son reno da dashe, ga tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ruwan kwata kuwa kada ya taɓa ganyen da za a ci. In ruwa ya yi wuya, ku haƙa 'yar hanya ku karkato na alwala daga masallaci zuwa gindin zogale.

Abin da ya fi damuna dabam ne. Ranar gayya kowa zai fito, a yi sharar fili ana raha, a ɗauki hotuna. Sai jarrabawa ta matso, mai ban ruwan safe ya ce yana da karatu, na yamma ya ɗauka an riga an ba da. Kwana uku a zafin watan Maris sun isa alayyahu ya kwanta. Sannan ga hutu, ga yajin aiki. Ku tuna na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022, daga Fabrairu har Oktoba yawancin jami'o'in gwamnati a rufe. Shuka ba ta san da hutu ba.

Don haka tun kafin a sari ƙasa, ku nemi izinin hukumar makaranta a rubuce, sannan ku jawo waɗanda ba sa barin harabar: masu gadi, da iyayenmu mata masu shara, da iyalan ƙananan ma'aikata. Kada ku mai da su 'yan aikinku. Ku ba su nasu fangalin, a yi rabo da su daidai, lambun ya zama nasu kamar yadda yake naku. Su ne za su kore muku awaki su ba da ruwa ran da kuke gida.

Maganar rabo ma a gama ta tun da wuri, a rubuta a littafi: wa ke ban ruwa ran Litinin, wa ke riƙe kuɗin iri da taki, yaya za a raba in an yanka. Na ga zumunci ya lalace a kan ɗaurin alayyahu. Kuma ku ware wani kaso saboda ɗalibin da kuka san yana kwana da yunwa amma kunya ta hana shi faɗa. A kai masa a asirce.

Ku 'yan ajin ƙarshe, kowannenku ya kama hannun ɗan aji ɗaya ya koya masa tun yanzu, ya damƙa masa littafin da fartanyar kafin ya tafi bautar ƙasa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku sa'ar karatu.