Aƙidar Fashist da Abin da Ya Haɗa Ta da Kano

Wani ma'aikacin masaƙa daga Bompai a Nassarawa ya aiko da tambaya: mece ce aƙidar fashist, kuma ina ruwan Bakano da ita?

Kalmar ta samo asali daga damin sanduna da gatari, tambarin iko na Rumawan dā. Benito Mussolini ya kafa ƙungiyarsa ta fashist a Milan a 1919, ya hau mulkin Italiya a 1922, sannan ya murƙushe jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago. Abin da ya fi shafar ma'aikaci ke nan: yajin aiki ma haramta shi aka yi.

Masana tarihi da siyasa da halayyar jama'a kan haɗu wajen nazarinta. Daga cikinsu, Robert Paxton ya fi duba ayyukan 'yan fashist a kan kalamansu. Aimé Césaire kuwa ya ce zaluncin da Turawa suka saba yi wa ƙasashen da suka mallaka ne Hitila ya juya kan Turai, kuma hujjarsa tana da ƙarfi.

Abin da ya haɗa ta da Kano kuwa a bayyane yake. Italiya ta mamaye Habasha a 1935. Sojojin Najeriya, cikinsu da Hausawa da yawa, sun shiga Mogadishu da ke hannun Italiya a 1941, yayin da jiragen yaƙin Ingila ke yada zango a filin jirgin Kano kan hanyarsu daga Takoradi zuwa Masar.