Jan Hankali Ga Mai Niyyar Gina Marmaron Dutse A Gidansa

Sana'ata ginin dutse ce, a Kafanchan na koye ta, kuma a nan nake neman halalina da ita. A 'yan shekarun nan, tun da ma'aikatan da suka yi ritaya da fataken citta suka shiga gina gidaje masu yalwar fili a Kagoro da Zonkwa da Kwoi, sai sha'awar marmaron ado ta yawaita, wato a jera duwatsu a tsakar gida ko cikin lambu, ruwa ya riƙa ɓulɓulowa daga samansu yana gangarowa. Galibi abin da maigida yakan fara ce mini shi ne, "Malam, irin na Matsirga nake so, amma ƙarami." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin duk wanda ya tsaya gaban wannan ruwa cikin watan Agusta, ya ga yadda yake zubowa daga tsayin wajen mita 30 bayan ya taso daga duwatsun Kagoro, lalle zuciyarsa za ta yi marmarin ta mallaki wani yanki na wannan ni'ima.

Sai dai wajibi ne in faɗi gaskiyar da ba kowane magini yake faɗi ba, ita ce ruwan Matsirga Mahaliccinsa ne yake gudanar da shi dare da rana, alhali na tsakar gida ɗan injin tura ruwa ne yake juya shi, kuma ran da injin nan ya tsaya, to, daga ranar abin ya tashi daga ado ya koma cuta. Magabatan Andalus da suka gina marmaron zakoki 12 a fadar Alhamra ta birnin Garnaɗa a ƙarni na 14 sun san wannan hikima, shi ya sa suka janyo ruwan kogi daga tudu ta magudana, yana shiga yana fita ba ya kwana. Mu kuwa ruwa ɗaya ne muke ta maimaitawa, ga ɗauke wuta, ga tsadar man janareta.

An taɓa kirana wani gida in duba marmaron da ya daina aiki. An gina masa kwarmi mai faɗi, zurfinsa ya kai gwiwar babban mutum, duwatsun sun yi kyau ƙwarai, amma ruwan ya yi kore da gansakuka, ganyen mangwaro ya ruɓe a ƙasansa. Na roƙi uwargida farin kofi, na ɗebo, na ɗaga shi ga hasken rana, sai ga tsutsotsin sauro suna ta murɗawa suna nitso suna tasowa. Matar ta yi salati, ta ce, "Ashe a gida muke kiwon abin da ke kai mu asibiti." Haƙiƙa kuwa haka ne, domin a yanayin zafi sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10, kuma tagar ɗakin yaranta na kallon kwarmin nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne ɗan autanta mai rarrafe, saboda jariri idan ya kifa da fuska, ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya ishe shi halaka, kuma ba a jin kukansa.

Saboda haka shawarata ga mai iyali ita ce ya haƙura da buɗaɗɗen kwarmi. A haƙa rami a gina tanki a ƙarƙashin ƙasa, a rufe shi da raga ta ƙarfe mai ƙarfi wadda za ta ɗauki nauyin babban mutum, a shimfiɗa sassalkar raga a kanta, sa'an nan a zuba tsakuwar rafi, ta yadda ruwan da ya gangaro daga dutse zai ratsa tsakuwa ya ɓace a ido ya koma tanki. Da wannan tsari, ko an yi mako ba wuta, babu ruwan da ke kwance a sarari, sauro bai sami wurin ƙwai ba, yaro bai sami wurin faɗawa ba, rana kuma ba ta sami ruwan da za ta tsirar da gansakuka a ciki ba. Ƙarar ruwan kuwa, wadda ita ce maƙasudin aikin, ba ta raguwa, illa dai magini ya zauna ya saurara, ya riƙa gyara bakin dutsen da guduma sannu a hankali har sautin ya zama mai sanyaya rai.

Game da dutse, Allah Ya wadata ƙasarmu da mai tauri irin na Kagoro, wanda ba ya shan ruwa kuma ba ya rududdugewa, saɓanin marmara, wadda take da arha da kyan ja, amma tana tsotse ruwa tana rina shi. Nauyinsa ne abin kiyayewa: dutsen da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kowanne rabin mita ne ya kusa nauyin buhun siminti 7, don haka idan ba a zuba masa harsashin kankare da rodi ba, daminar nan tamu mai kamawa tun daga Afrilu har Oktoba za ta tausasa ƙasa, ya karkace, tanki ya tsage. Kada kuma a ɗauko dutse daga kan tudu sai da izinin masu ƙasa, domin wasu duwatsun suna da alfarma a wurin mutanen da suka gaje su, kuma haƙƙin maƙwabtaka abu ne da kowane addini ya yi horo da shi.

Bayan an zuba kankare a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, sa'an nan a cika tanki a yi alama, a bar shi kwana biyu a gani ko yana yoyo. Ruwan farko a zubar, don ƙarfin siminti yana barin farin zane a jikin dutse. Inji kuwa a nemi mai ƙarfin bolt 12 wanda ke aiki da sola, kada a yarda a jona waya da salatif kusa da ruwa, domin wutar gida da ruwa idan suka haɗu ba sa barin rai. Da hunturu iska tana shanye ruwa fiye da zato, ƙura kuma tana toshe matacin inji, sai a riƙa dubawa kowane mako, don injin da ya yi aiki a bushe ƙonewa yake.

Akwai kuma batun almubazzaranci, wanda malamanmu suka hana ko da a wajen alwala ne. Wanda maƙwabtansa ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa da bazara, bai kamata marmaronsa ya riƙa yoyo yana kwarara cikin kwata ba. Ya tara ruwan indararo da damina ya yi amfani da shi. Ya kai maigida, kafin ka tambayi magini kuɗin dutse, tambaye shi inda ruwan zai kwana ran da aka ɗauke wuta, kuma idan bai ba ka amsa mai gamsarwa ba, kada ka ba shi aikin.