Yadda Ake Neman Diyyar Abin da Hatsarin Mota Zai Hana Ka Samu Nan Gaba

A Damagaram, in mota ta buge mutum, dangin direba kan zo da gaisuwa da kuɗin magani, a ce ƙaddara ce, a yafe. Yafiya abu ne mai kyau, amma inshora ba sadaka take yi ba, haƙƙi ne da mai mota ya riga ya biya kuɗinsa. Nijar na bin dokar inshora ta CIMA, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka sa wa hannu a Yawunde a 1992. A ƙarƙashinta, fasinja ko mai tafiya a ƙasa ba a hana shi diyyar rauni don ya yi ganganci, sai in da gangan ya jefa kansa. Direba ne kawai laifinsa ke rage masa diyya ko ya soke ta.

Da farko, a tabbata 'yan sanda ko jandarmomi sun zo sun rubuta rahoto, ko cikin gari ne ko kan hanyar Tanut ko Magarya. Doka ta ba su wata 3 su aika wa kamfanin inshora. Ka riƙe lambar motar da sunan kamfanin inshorarta.

Sai asibiti. Ka karɓi takardar likita ta ranar farko, ka adana kowace takardar magani da rasit, har na allura. In jinya ta hana ka aiki, za a biya ka kwanakin da ka rasa.

Anan ne mutanenmu suka fi cutuwa: shaidar abin da kake samu. Ma'aikaci zai kawo takardun albashin wata 6 kafin hatsarin. Ɗan kasuwa zai kawo takardun harajinsa na shekara 2. Wanda ba shi da ko ɗaya, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa za a yi masa lissafin kwanakin jinya, wato jika 42 a wata tun 2024, ko da a Kasuwar Dole yana samun ninkin haka sau biyar. Don haka mai ɗinki, mahauci da ɗan kabu-kabu, duk wata takarda da ke nuna ciniki, a tono ta: rasit ɗin haraji, littafin bashi, takardar hayar shago.

Kada ka sa hannu a yarjejeniyar ƙarshe kafin likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. A ranar ne ake auna naƙasar da ta rage, kashi nawa cikin ɗari, kuma wannan adadi shi ke yanke komai. Sai naƙasa ta kai kashi 50 ake biyan asarar samu ta gaba. Sai ta kai 80 ake biyan kuɗin mai kula da kai. A ganina wannan ma'auni ya yi tsauri: magini da gwiwarsa ta sage ba zai ƙara hawa gini ba, amma mai yiwuwa adadinsa ya gaza 50. Shi ya sa in likitan kamfani zai duba ka, ka je da naka likitan, doka ta yarda. Ka faɗa masa sana'arka dalla-dalla, ka nemi a rubuta maganin da za ka ci gaba da buƙata, domin shi ma ana ƙiyasta kuɗinsa. Ɗalibi ma yana da nasa kason in karatunsa ya lalace.

Kamfani na da wa'adin da doka ta ba shi ya gabatar maka da tayi, kuma yawan abin da zai biya yana da iyaka da doka ta ɗaure da mafi ƙarancin albashi. Ka sa a karanta maka tayin kashi-kashi, ka duba ko asarar gaba na ciki. In ka sa hannu sannan ka ga an tauye ka bisa doka, kana da kwana 15 ka janye ta wasiƙa mai rajista. In yaro ne ya ji rauni, ba a ƙulla yarjejeniya sai da amincewar alƙali ko majalisar dangi.

In wa'adin ya cika ba ku daidaita ba, ka nemi lauya ka shigar da ƙara a kotun Damagaram. Shekara 5 ne iyaka daga ranar hatsari, kuma cikin wannan lokaci, in raunin ya ƙara tsananta bayan an biya ka, kana iya komawa da sabuwar takardar likita ka nemi ƙari.